Fatimiyya da Birnin Alkahira: Shawarwari ga Mai Son Nazari

Wata tattaunawa tsakanin ɗaliban tarihi ta taɓo alaƙar Isma'iliyya, wani reshe na Shi'a, da birnin Alkahira a bakin Kogin Nilu. Ga abin da na tsinta.

An fi nanata cewa a bambanta Alkahira da Fusɗaɗ, tsohon birnin da ke kusa da ita. Kwamandan Fatimiyya (daular 'yan Isma'iliyya), Jauhar, ya kafa Alkahira a 969 don halifa da rundunarsa, talakawa kuwa suka ci gaba da zama a Fusɗaɗ, akasarin Musulminsu Ahlus Sunna, ga kuma Kibɗawa (Kiristocin Masar) da Yahudawa. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin yadda aƙidar Isma'iliyya ta gushe daga Masar ba bayan Salahuddin ya kawar da daular a 1171.

Wasu sun ce a bi tarihin ta gine-gine: masallacin Azhar da aka buɗe a 972, da ƙofofin birnin da wazirin daular, Badrul Jamali, ya gina, irin su Babul Futuh da Bab Zuwaila.

Ni dai shawarar da ta fi shiga raina ita ce a lura da kogin kansa. Ƙarancin ambaliyar Nilu, haɗe da rikicin sojoji, ya jawo yunwar zamanin Halifa Mustansir daga wajen 1065 zuwa 1072, har aka watsar da dukiyar fada da littattafanta.

Game da madogara, an ce a fara da Maƙrizi, masanin tarihin Masar, tare da tuna cewa ya rasu a 1442, ƙarnuka bayan faɗuwar daular, kuma a yi hattara da marubutan Abbasiyya, domin abokan gaban Fatimiyya ne.