Bayan Shaihu Umar, wane littafin Hausa ya kamata in ɗauka?

Tambaya daga Abu Khalil, Kaduna

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sha'awar karatu. A halin yanzu ina karanta *Shaihu Umar* na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda rabona da shi tun ina sakandare, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan karon shi ne labarin mahaifiyar Umar, ba na shi Shaihun kansa ba. Matar da aka sace wa ɗa yana ƙarami, ta bar gida ta bi sahunsa har ta faɗa cikin bauta, aka tsallaka hamada da ita, duk domin ta sake ganin fuskarsa, marubucin ya ba da labarinta cikin natsuwa, bai cika mana kunne da koke-koke ba, amma duk da haka mai karatu ba ya gama shafin sai jikinsa ya yi sanyi. Da ƙuruciya fashin ayari da guguwar rairayi ne suka ɗauke mini hankali, yanzu kuwa na ga ashe littafi ne a kan yadda cinikin bayi ya riƙa raba uwa da ɗa a ƙasar nan.

Roƙona gare ku shi ne ku ba ni shawarar littattafan Hausa masu irin wannan nauyi, waɗanda suka yi magana a kan rayuwar mutane ta zahiri, ba na yaƙin aljanu da zoben tsafi ba. Ban damu da tsufan littafi ko sabuntarsa ba, sharaɗina kawai shi ne Hausarsa ta kasance tsayayya, wadda ba a cakuɗa ta da Turanci ba. Zan kuma so kowa ya faɗi abin da ke hannunsa yanzu, da dalilin da ya sa yake ganin ya dace wani ma ya karanta. Allah ya saka da alheri.

Amsar Malam Sani, malamin Hausa, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam Abu Khalil. Littafin da kake karantawa ɗaya ne daga cikin biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Rupert East, sauran su ne *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo, da *Jiki Magayi* na John Tafida tare da shi East ɗin. A cikinsu wanda ya fi kusa da buƙatarka shi ne *Jiki Magayi*, domin ginshiƙinsa abu ne da har gobe yake faruwa: mai dukiya, Malam Shaihu, ya ƙwace wa saurayi Abubakar budurwarsa Zainabu, shi kuma ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta sauka a kan ɗan da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Akwai asiri a ciki, amma asirin ba shi ne labarin ba, baƙin cikin da ke cin mai shi ne labarin.

Sai dai shawarata ta gaskiya ita ce ka tsallako zuwa littattafan da aka buga daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980, domin su ne masu karatunmu suka fi yi wa rashin adalci. Yawancin mutane daga Abubakar Imam sai su yi tsalle su dira a littattafan soyayya na Kano, kamar babu abin da aka rubuta a tsakani, alhali a wannan tsakanin ne marubutan Hausa suka fara fuskantar Nijeriya ta zamanin kuɗin man fetur ido da ido. *Kitsen Rogo* na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi saurayin da ya raina ƙauye ya shigo birni yana zaton arziki a titi yake, ya ƙare cikin miyagun abokai. *Turmin Danya* na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982 bayan gasar da sashen al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, ya tona yadda attajiri ɗan fasa-ƙwauri, Alhaji Gabatari, yake sayen ma'aikata da masu faɗa a ji har ya gagari hukuma. Duk wanda ya karanta shi yau zai ga cewa sunayen kaya ne kawai suka canja.

Wanda na fi so ka nema da gaske shi ne *Ƙarshen Alewa Ƙasa* na Bature Gagare, shi ma na 1982. Labarin Mailoma ne, wanda ya fito daga ƙauyen Maguzawa, ya shiga soja, bayan yaƙin basasa kuma ya koma yana amfani da abin da ya koya a fagen daga wajen tara 'yan ta'adda da makamai. Littafi ne mai kauri da ɗaci, akwai zubar da jini da maganganun da ba za ka so yara su ji ba, saboda haka kada ka ajiye shi a inda hannunsu zai kai. Amma ban san wani ƙagaggen labari na Hausa da ya riga shi tambayar abin da ke faruwa da ƙasa idan aka koya wa matasa kisa sannan aka sallame su ba tare da sana'a ba, kuma mu da muke zaune a Arewa a yau ba mu buƙatar a yi mana bayanin muhimmancin wannan tambaya.

Ni kuwa abin da ke hannuna yanzu shi ne *Hausa a Rubuce* na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda aka buga a 1988. Ba labari ba ne, tarihin rubuce-rubuce ne cikin Hausa tun daga ajami, kuma yana da amfani ga duk mai son sanin abin da ya kamata ya nema a gaba.

Amsar Maman Nabila, Kano

Malam Sani, Allah ya ƙara basira, amma ina da ƙorafi a kan jerinka, domin duk maza ka lissafa, kuma yadda ka ambaci littattafan Kano ya nuna kamar ba su da abin da za su ba mai neman labari mai nauyi. Gaskiya ne an buga tarkace da yawa, an kuma yi ta maimaita labarin attajiri da kyakkyawar yarinya har ya gundure mu, amma ba a taru an zama ɗaya ba. Tun da Malam Abu Khalil ya ce halin da uwar Umar ta shiga ne ya taɓa shi, to, babu inda ya kamata ya nufa sai wurin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu.

Ya fara da *Alhaki Kwikwiyo Ne*, na 1990. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ta haifa masa 'ya'ya da yawa, tana cikin ƙuncin rashin cefane ya auro Delu, daga baya ya kori Rabi da yaranta gaba ɗaya. Abin da ya sa nake girmama littafin nan shi ne marubuciyar ba ta tsaya ga kuka ba, ta nuna mana lissafin rayuwar bazawara dalla-dalla: inda za a kwana, da kuɗin makarantar yara, da yadda Rabi ta kama sayar da abinci har ta tsaya da ƙafafunta, da irin matsin da dangi suke yi wa mace ta koma ko da ita aka zalunta. Na ba mahaifiyata shi ta karanta, da ta kai wurin da aka kori Rabi sai ta rufe littafin ta fara lissafa mini matan unguwarmu da aka yi wa haka, da sunayensu da na mazajensu. An fassara shi zuwa Turanci, Aliyu Kamal ne ya yi fassarar, aka buga a Indiya a 2012, amma wanda ya iya Hausa ba shi da uzurin barin asalin.

Bayan shi sai *Wa Zai Auri Jahila?*, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma ba da sonta ba, daga baya ta nemi ilimi ta zama ma'aikaciyar jinya. Kada kuma a manta cewa kafin Hajiya Balaraba akwai Hajiya Hafsat Abdulwahid, wadda littafinta *So Aljannar Duniya* ya fito a 1980 daga gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, yana ba da labarin Bafulatana Boɗaɗo da ta zaɓi mijin da ba na ƙabilarta ba. Shi akwai aljana a cikinsa, don haka wataƙila bai cika sharaɗinka ba, amma ya cancanci a san da shi.

A yanzu gajerun labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa nake bi, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta. A cikinsu ne nake ganin ana rubuta abin da ke damunmu a yau, irin su zaman sansanin gudun hijira da fyaɗe da shaye-shaye, kuma da yake an ƙayyade musu tsawo, marubutan sun koyi barin surutun da ba shi da amfani.

Amsar Alhaji Buhari, Sakkwato

Ɗana Abu Khalil, 'yan'uwanka sun ba ka ƙagaggun labarai, ni kuma zan ja ka wani ɓangaren. Idan bauta da rayuwar mutanen da ce kake son ganewa, nemi *Labarin Baba*, wato tarihin rayuwar Baba ta Karo da ta faɗa da bakinta ga wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950. An fara buga shi da Turanci a 1954, daga baya aka fitar da asalin Hausar a Kano. Tsohuwar ta ga zamanin da ake kai hari a kama mutane, ta ga yadda ake tara dukiya a fanso dangi, ta ga zuwan Turawa, kuma ta yi bayanin aure da kishi da ƙawance da riƙon 'ya'ya da irin Hausar da yanzu sai a bakin kakanni. Abin da Tafawa Ɓalewa ya ƙaga, ita da idonta ta ga irinsa.

Na biyu, ban yarda mai son tsayayyar Hausa ya tsaya ga zube kaɗai ba, domin gwanintar harshen nan a waƙa ta fi bayyana. Ka samu *Waƙoƙin Imfiraji* na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin Zazzau da mabarata suka yaɗa baitocinsa a ko'ina, ka samu *Fasaha Aƙiliya* ta Alhaji Aƙilu Aliyu, ka kuma karanta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958 bai ga 'yancin kan da ya yi wa gargaɗi ba. Sharaɗin waƙa shi ne a rera ta da murya, domin karin ba ya fitowa ga mai karatu a zuci. Ni bayan sallar isha'i nake zama da jikokina a zaure, ɗaya ya riƙe fitila, ɗaya ya karanta baiti, in tsayar da shi in tambayi ma'anar abin da ya faɗa, wanda ya gane shi zai karɓi littafin.

Ina kuma roƙonka ka sassauta sharaɗinka game da labaran da ba na zahiri ba, saboda kada ya hana ka komawa ga *Magana Jari Ce*. Aku ne yake ba da labaran, kuma Abubakar Imam ya aro da yawansu daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma alƙalan da ke ciki, da fadawan, da 'yan kasuwan, da ɓarayin, duk mutanenmu ne. Littafi na uku, inda Waziri Aku yake koya wa ɗansa Fasih zaman duniya da zaman fada, karatun manya ne, yaro ba zai ɗauki rabin abin da ke cikinsa ba.

Abu Khalil, Kaduna

Na gode ƙwarai, Baba Alhaji, na kuma karɓi gyaran. Malam Sani da Hajiya Maman Nabila, Allah ya bar zumunci. Na yanke shawarar fara neman *Alhaki Kwikwiyo Ne* da *Ƙarshen Alewa Ƙasa*, sai dai na leƙa shagunan littattafai na kusa da ni ban samu ko ɗaya ba, abin da suke ajiyewa shi ne wanda ake jarrabawa a kansa. Ko akwai wanda zai nuna mini inda ake samun irin waɗannan?

Amsar Malam Sani, Zariya

Wannan ita ce babbar matsalar, Malam, domin littafin da ya fita daga manhajar makarantu ba a cika sake buga shi ba. Na Imam da na Tafawa Ɓalewa ba su yanke ba, za ka same su a Zariya da wurin masu sayar da littattafai a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma a Kanon ne ya fi dacewa ka tambayi na Hajiya Balaraba. Na 1982 kuwa sai an dace, ka tambayi masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, ka bar musu suna da lambarka, domin sukan san gidan da aka fitar da kayan wani malami. Idan hakan bai yiwu ba, sashen koyar da Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero suna da malamai da ɗaliban da suka yi nazari a kansu, kuma da wuya ka rasa wanda zai ara maka.

Idan ka samu kwafi, ka duba shi shafi-shafi kafin ka biya, saboda akwai bugun sata da yawa a kasuwa, wanda tawadarsa ta kashe lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wani ma an tsallake shafuka a tsakiya ko an maimaita wasu. Na gaske takardarsa takan yi ja saboda tsufa, amma haruffansa a fili suke, kuma sunan kamfanin da shekarar bugu suna nan a bayan shafin farko.