Adon bango mai soso da yadi mai zane: me ya sa nawa yake tattarewa?

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Don Allah masu ɗinki ku taimaka. Ina da yadi mai zanen jinjirin wata da fitilu, faɗi inci 24, tsawo inci 44, ina so in yi adon bangon falo kafin Sallah. Na saka soso da shafi na fara ɗinki, sai bayan yana tattarewa, gefe ɗaya kuma ya fi ɗaya tsawo. A ina matsalar take?

Hajiya Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, warware shi tun bai yi nisa ba. Irin wannan yadi sau da yawa zanen a karkace ake buga shi, don haka kada ki bi bakin yadin wajen yanka, ki bi layin zanen, ki bar rabin inci ta kowane gefe. Kafin nan ki jiƙa shi a ruwan sanyi, ya bushe a inuwa, ki goge. Yadin auduga yana shiga bayan wanki, ja da kore kuma sun fi saurin zuba.

Soso da shafi ki yanka su fi fuskar, wato yadin mai zane, girma da inci 2 ta ko'ina, don ɗinki yana jan su ciki. Ki shimfiɗa shafin a kan tayil, ki manne kusurwoyinsa da salatif ya miƙe amma ba ja ba, sannan soso, sannan fuska. Ki kafa fil kowane inci 4, daga tsakiya zuwa baki. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa saboda sauri, shi ne kuma yake kawo tattarewar.

Tela Rigasa:
Hajiya ta gama magana kan shiri. Sauran na keke ne. Haƙoran keke suna jan shafin ƙasa, ƙafar da ke ƙarƙashin allura kuma tana danne fuskar, shi ya sa gefe ɗaya ke zarce ɗaya. In Butterfly ce ko Singer ta ƙafa, ki sassauta dannin ƙafar ta sukurun da ke saman kan keken, ki buɗe taku zuwa milimita 3, ki sa allura lamba 14, ko 16 in shafin mai kauri ne. Ki fara daga tsakiya ki yi waje, kada ki ja yadin da hannu, raka shi kawai za ki yi. Ki bi gefen watan da fitilun da zare mai launin yadin, zanen zai taso da kansa. In akwai rubutun aya, ki zagaye shi, kada allura ta ratsa haruffa.

Soson katifa kuma ban yarda da shi a nan ba, yana yin ja ya marmashe. Nemi faiba siririya, wato audugar roba, a kasuwar Sheikh Gumi wajen masu kayan ɗinki. Sai dai kada dutsen guga mai zafi ya taɓa ta, narkewa take yi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ratayewa fa, Hajiya? Ƙusa zan buga a kusurwoyi?

Hajiya Tudun Wada:
A'a, tsakiyar zai sauko ya yi ciki. Bayan kin daidaita gefuna, ki yanka ƙyalle mai faɗin inci 2 da rabi, ki ninka biyu a tsaye ki rufe bakin da shi. Sannan ki yanka wani mai faɗin inci 8, tsawonsa ya gaza faɗin adon da inci 2, ki ninka ya zama aljihu, ki ɗinke shi da hannu a bayan sama, allurar ta tsaya a shafi kada ta fito gaba. Sandar labule za ki zura, ta hau ƙusa biyu. Ki guji bangon da ke jan ruwa da damina ko wanda rana ke duka, in hunturu ya zo kuma kakkaɓewa ta wadatar, wanki da yawa yana kwantar da faibar.