Waɗanda suka taɓa riƙe taro, yaya kuke yi da mai dogon bayani?

Baban Ummi, Gadarif: Assalamu alaikum. Ranar Juma'a bayan la'asar mu manoman riɗi na unguwarmu muka zauna kan kuɗin hayar tarakta, ni aka ɗora a kujera. Wani dattijo sa'an mahaifina ya miƙe, ya faro daga shekarar da ya sari gonarsa. Jabana, wato butar gahawa, ta zagaya sau biyu bai iso kan kuɗin ba. Da na ce "Baba, a taƙaita", sai ya ɗauki sandarsa ya fice, 'ya'yansa uku suka bi shi. Har aka kira magariba ba mu yanke komai ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni labari.

Malam Mai Alli, Madani: Wa alaikumus salam, ɗana. Kuskurenka ɗaya ne, ka fito da doka bayan magana ta riga ta yi nisa, shi ya sa ya ɗauka da shi kake. Lokacin da nake koyarwa a Omdurman na taɓa raka ɗalibai kallon zama a ginin majalisar ƙasar Sudan da ke bakin Nilu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba wanda ke yi wa abokin jayayyarsa magana kai tsaye. Kowa "sayyid ra'is", wato "ya mai girma shugaba", yake cewa, fuskarsa na kallon shugaba, ko da wanda yake caccaka na zaune kusa da shi. Sai na tuna fada, inda talaka ke magana bafade na amsawa. Zafin maganar yakan huce kafin ta isa kunnen mai ita. Na kawo wannan cikin taron iyayen yara, rigima ta ragu sosai. Amma ka yi hattara da "nuƙɗat nizam". An yi ta ne don a tuna wa shugaba an taka ƙa'ida, mutanenmu kuwa sun mai da ita gajerar hanyar tsallake layi. Wanda ya ɗaga hannu da ita, tambaye shi wace ƙa'ida aka taka. In ya fara kame-kame, ya zauna.

Inna Hajiya, Kassala: Ku maza da son kujera! Mu talatin ne a adashinmu, kuma ba mu da ra'is. Waya muke ajewa a tsakiyar tabarma, minti uku ta yi ƙara. Wa zai yi fushi da waya? Wadda ta katse 'yar'uwarta, ita za ta kawo sukarin shayi a zama na gaba. Wata guda na yi ina sayen sukari kafin bakina ya koyi haƙuri.

Ɗan Autan Mai Wurno: Inna, wayarki ba za ta yi aiki a kan dattawan garinmu ba, gaskiya. Mun gwada a lajna, wato kwamitin masallaci, wani kawuna ya ce shi ba ƙarfe ne zai tsayar da shi ba. Abin da ya yi mana magani, liman ne ke zama kusa da shugaba. In magana ta yi tsawo sai ya ce "a yi salati ga Annabi". Dole mai magana ya tsaya ya yi salati, a wannan ɗan tsakanin shugaba zai yi masa godiya ya kira na gaba.

Abu Sadik, Damazin: Ni dai abin da ya ƙone ni shi ne shugaba mai ɓangare. A ƙungiyarmu ta masu kekunan haya, shugaban kan bar mutanensa su yi ta zuba, mu kuwa da mun buɗe baki sai "lokaci ya ƙare". Ranar ƙuri'a muka ƙi zuwa, nisabi, wato adadin mutanen da ake buƙata kafin a zauna, bai cika ba, zaman ya rushe. Kuma kada a ɗauka majalisun manya sun tsira. A Disamban 1999 Hassan Turabi ne shugaban majalisar Sudan, rikicinsa da shugaban ƙasa na lokacin, Umar Bashir, ya sa aka rushe ta baki ɗaya. A Najeriya ma, Afrilun 2018, wasu suka kutsa zauren majalisar dattawa ana tsakiyar zama suka sure sandar majalisa suka gudu.

Malam Mai Alli, Madani: Abu Sadik ya taɓo wurin. Ɗana, in kana da ra'ayi kan kuɗin taraktar nan, miƙa kujerar ga mataimakinka, ka sauko ka yi magana cikin mutane. Kuma a sami mai rubuta mahadar, wato bayanin abin da aka yi a taro, a karanta kafin a tashi, don kada gobe wani ya ce ba haka aka yi ba.

Baban Ummi, Gadarif: Na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na je gidan Baba da ƙullin bunni, wato gahawa, na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma labarin gonar bai ƙare ba, sai da na saurara har ƙarfe goma sha ɗaya. Na roƙe shi ya buɗe mana zaman Juma'a da addu'a, ya kuma faɗi dokar minti uku da bakinsa. Ya ce biyar. Mun tsaya a huɗu.