Neman kalma: masta da silef na kuloci, me za mu kira su da Hausa?

Salam 'yan uwa, makanikai da direbobi da malaman Hausa da ke nan. Ina rubuta bayanin yadda ake canza masta silinda da silef silinda na kuloci a motar a-kori-kura mai shan dizal, sai na cije a wurin suna, don in na bar su masta da silef haka nan wanda bai saba shiga gareji ba babu abin da zai gane, shi silef ɗin ma ko a baki bai zauna ba. Ina so mu tsayar da magana ɗaya.

Ga aikinsu tukuna. In ka taka fedar kuloci akwai ɗan sandan ƙarfe da ke tura fistin a cikin silinda ta farko, wato masta, wadda ke manne a bangon da ya raba inji da wurin zaman direba, da ɗan kofin mai a kanta ko kusa da ita. Man birki ne a ciki, nau'in da ake kira DOT 3 ko DOT 4 a yawancin motoci. Fistin ya matsa man, man ya bi siririn bututu zuwa silinda ta biyu, wato silef, da ke jikin giyabos, nata fistin ɗin ya fito ya tura ƙarfen nan mai yatsu biyu, shi kuma ya tura boris, boris ya danna sifirin ɗin farantin da ke matse faifan kuloci, faifai ya saki inji, giya ta shiga lafiya. Duk dabarar ita ce mai ba ya matsuwa, matsin da ka sa wa man a wannan bakin shi zai isa wancan, abin da Blaise Pascal ɗan Faransa ya bayyana tun ƙarni na 17. Motar dizal kuma ƙarfin juyin injinta yana da yawa, sifirin ɗin farantinta mai tauri ne, shi ya sa silindun nan suke shan aiki sosai.

Shawarar farko da aka kawo ita ce a fassara kai tsaye, ubangida da bawa. Ni dai ban yarda ba ko kaɗan. Bai gaya maka komai game da aikin ba, kuma masu Turancin kansu sun fara gudun kalmomin, a harshen kwamfuta na Python an cire su a 2018, GitHub ma, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya daina sa wa babban reshen sabon aiki suna masta a 2020. Abin da masu shi ke ajiyewa mu kuma mu je mu ɗauko, a kan me?

Wani oganmu makanike ya ce ai sun daɗe da gama wannan, kulocin sama da kulocin ƙasa suke cewa. Oga, Allah ya ƙara girma, wannan suna ne mai rai kuma ba ni da bakin hana kowa faɗinsa a gareji. Amma a rubuce yana da matsala. Kuloci fa shi ne faifan da farantin da ke tsakanin inji da giyabos, waɗannan silindun masu kai saƙo ne kawai, to in ka ce wa mai mota kulocinka na ƙasa ya mutu sai gabansa ya faɗi ya ɗauka za a sauke giyabos, alhali a mota irin tsohuwar Toyota Hilux ƙusa biyu ne da bututu ɗaya. Sannan akwai motocin da ta biyun ba a waje take ba, a ciki take, ta zagaye sandar giyabos an haɗe ta da boris wuri ɗaya, wannan kam dole a sauke giyabos kafin a kai gare ta. Sama da ƙasa bai raba waɗannan biyun ba, kuma bambancin aikinsu ba kaɗan ba ne.

Wata malama ta ce uwa da ɗa. Wlh ya yi daɗin ji Malama, Hausa ce zalla. Inda na tsaya shi ne duk wanda ya ji zai zaci ta farkon ce babba, a motoci da yawa kuwa faɗin cikin ta biyun ya kai na farkon ko ya fi shi, ta haka ne ma ƙafa ke samun sauƙi.

Faransawa mai aikawa da mai karɓa suke cewa, Jamusawa kuma mai bayarwa da mai karɓa. Wannan hanyar ita ce daidai a ganina, a kira abu da aikinsa. Mai karɓa ya ba mu makarɓi ba wata wahala. Mai aikawa ne ba zai taƙaitu ba, don ma'aiki kalma ce da kowa ya san wanda ake girmamawa da ita, ba za mu ɗora ta a kan kayan mota ba. Amma muna da famfo. Wani ya ce famfo ai na ruwan sha ne, to famfon keke fa? Fistin ne a cikin bututu kana turawa yana matsa abin da ke ciki, shi ke nan aikin masta. Don haka nawa shi ne famfon kuloci da makarɓin kuloci. Na birki ma sai ya zama famfon birki, an huta.

Mu gwada su a cikin bayanin mu ji ko za su ɗauki kaya.

In feda ta yi laushi ko ta nutse ƙasa ta ƙi dawowa, ko giya tana ƙin shiga musamman ta ɗaya da ribas, duba kofin mai. In ya ragu leƙa ƙarƙashin sitiyari inda sandan feda ya shiga bango, ka ga danshi a nan to famfo ne ke yoyo. In can bushe yake ɗaga robar bakin makarɓi, mai a cikinta alamar makarɓi ya gaji. Akwai kuma wanda ke ruɗa mutane, mai bai ragu ba babu yoyo ko'ina amma in ka riƙe feda a ƙasa da giya a ciki sai mota ta fara jan jiki a hankali, nan robar cikin famfo ce ke barin mai ya koma baya. Ni ra'ayina a canza su tare, shekarunsu ɗaya, dattin mai ɗaya suka sha, kuma sabon famfo kan tona asirin tsohon makarɓi ba da jimawa ba. Wajen cire famfo, zuƙe tsohon man, cire fil ɗin da ya riƙe sandan famfo a jikin feda, a kula da ɗan makunnin nan da ke hana mota tashi sai an taka kuloci don yana da saurin karyewa, kwance bututu da sifanar da ta kama noti sosai kar a cinye kansa, sannan notocin bango. Man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take. Kuma don Allah kar a zuba man inji ko na sitiyari a kofin nan, robobin kumbura za su yi, famfo da makarɓi duk su lalace.

Kun ji ko? Babu inda aka rasa gane wanne ake nufi.

Saura fitar da iska, wannan ba sai mun ƙirƙiri suna ba, bilidin da ake cewa fitar da iska ne kawai. Iska tana matsuwa, in ta rage a bututu feda za ta yi ta lotsawa makarɓi bai motsa yadda ya kamata ba. Mutum ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan bakin da ke jikin makarɓi ya rufe kafin a saki feda, ana yi ana ƙara mai kar kofi ya ƙafe. Wasu Dodge Ram masu injin Cummins kuma famfo da bututu da makarɓi a haɗe suke zuwa da mansu a ciki, ɗaurawa kawai ake yi, igiyar robar da ta riƙe sandan makarɓin ma ba a yanke ta, takawar farko ce ke tsinka ta. In sandan famfo mai daidaitawa ne a bar wa feda ɗan wasa a sama, in aka matse shi gaba ɗaya mai ba zai samu hanyar komawa kofi ba, mota na ɗaukar zafi kuloci zai fara zamewa.

Oga ya dawo ya ce famfo ya karɓa amma makarɓi ya yi masa tsawo a baki. Na ji oga, in akwai mai gajeren da ya nuna aikin a kawo mu duba. Kafin nan ni makarɓin waje zan rubuta ga mai ƙusa biyu, makarɓin ciki ga wanda sai an sauke giyabos.