An yi mini tayin aiki a kamfanin tauraron ɗan'adam, in bar na shinkafa?

Baban Khadija, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne manajan sarrafawa a wani kamfanin casar shinkafa nan Kebbi. Wani sabon kamfani a Abuja mai haɗa ƙananan taurarin ɗan'adam, irin CubeSat ɗin nan da kowane gefensa santimita 10 ne, ya nemi in riƙe musu sashen ayyuka da ƙere-ƙere: odar kaya, ma'aikata, jadawali, duba inganci. Albashin bai kai nawa na yanzu ba, sun ce za su cike da hannun jari. Iyali za su zauna a gida tukuna. Wanda ya taɓa aiki a sabon kamfani, yaya ya ƙare da shi?

Ɗan Argungu: Ka kwashe iyali ku tafi kawai. A Kubwa na kama ɗaki biyu da falo miliyan ɗaya da rabi.

Maman Abba: Wace shekara ke nan? Ƙanena a Lugbe miliyan biyu da rabi ya biya, ban da kuɗin dillali.

Injiniya, Gusau: Ƙanena, aikin da suka lissafa maka ka iya rabinsa. Sauran rabin shi ne abin lura. Buhun shinkafa in ya lalace a sake cashewa, tauraro kuwa da ya tashi ba mai kai masa sukundireba. Tauraron sadarwar Najeriya, NigComSat-1, da aka harba daga China a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, sai 2011 aka harba madadinsa. Don haka kafin roka akwai gwajin girgiza, akwai gwajin zafi da sanyi a akwatin da aka zuƙe wa iska. Ɗakin haɗawa ba a shiga sai da riga da hula da safar hannu, mai taɓa allon lantarki kuma da igiya ɗaure a wuyan hannunsa, don ɗan cajin jikin mutum ma yana ƙona shi. Tambaye su a ina za su yi gwajin, kuma sun biya kuɗin gurbi a roka? Ranar harbawa ba ta jiran kayan da suka maƙale a kwastan.

Alhaji Na Kaura: Ni kalmar hannun jarin nan ce ta tsaya mini a rai. Na bar aiki mai fansho na bi wasu yara masu haɗa kayan sola, suka ba ni shugaban ayyuka. Ni na ɗebo ma'aikata daga Gusau da Kaura, iyayensu suka ba ni amana. Da dala ta tashi, masu zuba kuɗi suka ja baya, albashi ya tsaya. Masu kamfanin suna ƙasar waje, ni ne a bakin ƙofa. Wata tsohuwa ta zo har gidana da asuba, ta zauna a zaure riƙe da katin aikin ɗanta, ta ce ba ta tashi sai an biya shi. Gonata ta fadama na sayar na sallami yaran. Da na nemi kasona, lauya ya nuna mini layin da ya ce sai na cika shekara huɗu. Babu ko sisi.

Maman Abba: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Baba.

Ɗan Argungu: Amin. Amma Alhaji, sola daban, tauraro daban. Injiniya ne ya san wanga fanni.

Alhaji Na Kaura: Injiniya ya san ƙarfe, ni na san takarda. Ya taɓa biyan albashin mutum daga aljihunsa?

Injiniya, Gusau: Ban taɓa ba, Alhaji, kuma maganarka tana kan hanya. A sa lauya ya karanta, a tambayi kuɗin wata nawa ke asusunsu. Amma kada mu kashe masa gwiwa. Yaranmu ne suka haɗa tauraron ɗaukar hoto NigeriaSat-X a Ingila aka harba a 2011, na jami'ar Akure ma ya tashi a 2017 da haɗin gwiwar Japan.

Sarkin Fawa: Baban Khadija, in ka tafi ka ɗaura mini buhu ɗaya a roka, ko a sama za ta yi araha.

Baban Khadija, Birnin Kebbi: Alhaji, shekara huɗun nan tana cikin tawa takardar ma. Ana iya rage ta?

Malama, Tsafe: Ku yi haƙuri, ni tambayata, taurarin nan me suka tsinana mana? Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, har Funtuwa muke zuwa mu kira 'yan'uwa, mu ciri kuɗi. Ina namu tauraron yake a lokacin?

Injiniya, Gusau: Malama, mai ɗaukar hoto daban, na sadarwa daban, kuma rufewar umarni ne aka bayar.

Ɗan Argungu: Mu nan ba a rufe ba, amma ruwan sama na sauka sabis ya ɗauke. Akwai mai Starlink, intanet ɗin nan ta tauraro, a cikinku? Nawa ake biya a wata yanzu?