Moult da moult limit: me za mu kira su da Hausa?

Jama'a, masu sha'awar tsuntsaye, ku zo mu daddale kalma biyu. Duk mai son gane shekarun ƙaramin tsuntsu mai waƙa daga hoto sai ya ci karo da su: moult da moult limit.

Moult shi ne tsuntsu ya zubar da tsohon gashi, sabo ya tsiro a gurbinsa. A yawancin tsuntsayen waƙa na Turai, babba yakan sake gashinsa kaf bayan ya gama ƙyanƙyasa da reno. Wanda aka ƙyanƙyashe bana kuwa na jiki kawai yake sakewa da wani ɓangare na gashin da ke rufe tushen fiffike, ya bar dogayen gashin fiffike da bindi yadda ya fito da su daga sheƙa. Gashin sheƙa ba shi da ƙwari, yana saurin koɗewa. Don haka idan ka zuƙo hoton fiffiken, sai ka ga inda sabon gashi mai sheƙi ya tsaya, koɗaɗɗe ya ci gaba. Wannan wurin ne moult limit.

An kawo "zubar gashi". Ban gamsu ba, domin rabin labarin ya faɗa, kuma mai ji zai zaci ciwo ne. "Figa" aikin hannun mutum ne. "Sauyin gashi" ba laifi, amma ya yi faɗi, har furfura ma sai ta shiga ciki.

Ni na fi son "saɓa". Mun riga mun san maciji ya yi saɓa: tsoho ya tafi, sabo ya fito, kuma lafiya ce ta kawo hakan. Wani zai ce maciji lokaci guda yake yi, tsuntsu kuwa ɗaya bayan ɗaya, don kada tashi ya gagare shi. Gaskiya ne, amma manufar ɗaya ce. Sai mu ce "saɓar gashi", moult limit kuma "iyakar saɓa".

Kalmar za ta yi mana aiki har wajen bambance namiji da mace. Tsuntsun nan blackcap, wanda wasunsu ke ƙetare Sahara in sanyin Turai ya kama, namiji baƙar hula gare shi, mace mai ruwan ƙasa. Amma ƙananan, maza da mata, dukkansu da irin hular uwarsu suke fitowa. Sai bayan saɓar farko namijin ke bayyana, wani lokaci har da ragowar ruwan ƙasa cikin baƙin.

A kula dai, ba kowane tsuntsu ke barin wannan alama ba. Gwarar gida irin ta Turai tun tana ƙarama take yin cikakkiyar saɓa, bayan nan ba ka da iyakar da za ka duba.

In kun amince, a ƙarƙashin hoto sai mu riƙa rubuta: "Ɗan bana ne, akwai iyakar saɓa a fiffike." Mai wata kalma da ta fi wannan zama a baki, ya kawo ta mu gwada.