Na tsinci gatarin aradu a gona: wa ya fara shuka gero?

Ɗan Kufai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gonarmu ta gado tana kan wani tsohon kufai ne, gabas da Birnin Kudu. Bana muna huɗa sai garmar shanu ta tono wani baƙin dutse mai santsi, bakinsa a wase. Baffana yana gani ya ce gatarin aradu ne, in yi jifa da shi. Ban yar ba, na ɓoye a rumbu. Tsingaro kuwa ba a magana, duk inda ka sa fartanya sai ka ci karo da shi. Masu wannan kaya manoma ne ko mafarauta? Kuma geron nan da muka buɗe ido muka tarar, wa ya fara shuka shi?

Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, amma dutsen nan aikin hannun mutum ne, da shi ake sara kafin a san ƙarfe. Sai dai gatari kaɗai ba ya nuna an yi noma.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin gonarka. Ka san shibra? Me ya sa muke tsanarta? Da ta nuna sai ta kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa, ba ta jiran mai girbi. To haka kakan gero yake a daji. Mutanen farko tattara ƙwayar ciyawa suke yi, kuma zangarniyar da ta riƙe tsabarta ita ke isa gida. A ci wata, a ajiye wata iri, baɗi a sake. A haka, ba tare da wani ya zauna ya tsara ba, aka samu geron da ba ya zubewa sai an sussuka. Abin da masu tonon tarihi ke nema ke nan. Magina tukwane na da suna cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi. In an gasa, ƙaiƙayin ya ƙone, shatinsa ya zauna a jikin tukunya. A madubin ƙara girma ana gane na gida da na daji.

Ta haka aka gano geron gida a kwarin Tilemsi a Mali, wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A nan kusa, a Gajiganna ta Borno, masana daga Frankfurt da Jami'ar Maiduguri sun ga tukwanen farko da shatin ciyawar daji, sai wajen 1200 kafin haihuwarsa gero ya bayyana. Dawa kuma gabashin Sudan ne, kusa da Kasala, wajen 3000 kafin haihuwarsa. Saboda haka tsingaron da kake takawa ya fi gatarin iya magana.

Jikan Arɗo:
Malam ya yi bayani, amma ya tsallake mu. A Afirka saniya ta riga gero. Tun Sahara na da tafkuna da ciyawa ake kiwo a cikinta, shekaru dubbai kafin a yi kunya ko ɗaya. Da ta fara bushewa aka gangaro kudu. Ɗan Kufai, kai da ke Birnin Kudu, je ka Dutsen Habude ka dubi zanen da ke jikin dutse. Shanu za ka gani, ba damin gero ba.

Uwar Biyu:
Ku dai maza kuna ta "wa ya fara". Ni a ganina mace ce. Wa ke tsince, wa ke sheƙe, wa ke zubar da ƙaiƙayi a bayan gida har ya ga ya tsiro da damina? Ra'ayina ne, kada a ce in kawo takarda.

Mai Alli:
Jikan Arɗo, na karɓi gyara. Yaya Uwar Biyu, ba zan ja da ke ba, tukunya dai ba ta faɗar sunan mai ita.

Wani abu da na manta: ba wuri guda noma ya faro ba. Alkama da sha'ir a yankin Siriya, Turkiyya da Iraƙi, sama da shekara 10,000 da suka wuce, kuma can ma sai da aka shafe fiye da shekara 1,000 kafin iri marar zubewa ya rinjaya. Shinkafa a Sin, masara a Meziko. Masara, rogo da gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano duk baƙi ne, bayan 1492 suka ƙetaro teku.

Gatarin nan, ka ɗauki hotonsa da na wurin da ya fito, kada ka shiga haƙa da kanka, don in ƙasa ta cakuɗe lissafin shekaru ya ɓace. In ka shiga Kano ka nuna a Gidan Makama.

Ɗan Kufai:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa Baffa da daddare. Maganar shibra ta shige shi, har ya ce shi ya sa marigayi kakanmu ba ya yarda a ɗebi iri a gefen gona. Amma batun aradu yana nan kan bakansa, kuma ya ce in fitar masa da dutsen daga rumbu kafin hadarin gobe.